Taron waƙar Kirsimeti don layin kiran yara: in je ko in aika da kuɗin kawai?

Ƴar_SabonGari:
Assalamu alaikum mutanen zaure, ina kwananku, ya sanyi? Shawara nake nema. Ina da maƙwabciya Kirista, shekara tara ke nan katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin da na kwanta haihuwar autana ita ta riƙe mini sauran ɗiyan har kwana biyar. Jiya bayan Magariba ta shigo da kati biyu a hannu. Ta ce matasan majami'u uku na nan cikin Maraɗi sun haɗa kai za su yi taron waƙe-waƙe ranar Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti, shiga jikka guda, yara kyauta. Abin da aka tara za a miƙa wa wata ƙaramar ƙungiya mai riƙe da layin tarho, wanda yaro zai kira ba tare da ya kashe ko dala ba in ana cutar da shi.

Na karɓi katin don ba zan iya mayar mata da hannu ba. Amma tun jiya abu biyu ke mini yawo a rai. Na farko, ya dace in je? Na biyu, wanda ma ya fi damuna, wane yaro ne a garin nan ke da salular da zai kira? Yarinyar da ke kawo mana ƙosai da safe ko takalmi ba ta da shi.

AbuHafsa_Limanci:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a raba maganar gida biyu. Taimakon yaron da ake zalunta babu malamin da zai hana ki. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta fito fili cewa ba a hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Amma zama a wurin da ake rera waƙoƙin ibadarsu, inda za a faɗi abin da ya saɓa wa aƙidarmu game da Annabi Isa alaihis salam, ni ban ga dalilinsa ba. Ki ba ta jikka biyun, ki ƙara in kina da hali, ki zauna gidanki. Ladarki na nan.

Ɗan_Bagalam:
Ni ba maganar addini ta dame ni ba. Mu yi lissafi. A ce mutum 300 sun zo, jikka 300 ke nan. A cire hayar kujeru, a cire na mai lasifika, a cire man gurup don kun san kuran ba shi da tabbas, a cire ruwan baƙi da na masu gadi. Mi zai rage? Na taɓa zuba kuɗi a wani taron tallafa wa marayu, daga baya da na tambaya sai aka ce mini ai kuɗin sun tafi wajen shirya taron. Tun daga ranar hannu da hannu nake ba da sadakata.

MaiGangarZumunta:
Salama gare ku duka. Ina cikin masu shirya taron, shi ya sa na ga gara in yi magana. Yayana Ɗan_Bagalam, tambayarka daidai ce, mu ma mun yi wannan lissafi tun watan Oktoba. Kujeru na majami'un ne, matasa za su kwaso su a amalanke. Kayan sauti aro ne. Man gurup wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyinsa, kuma Musulmi ne, ya ce kar a ambaci sunansa. Mawaƙa babu wanda za a biya. Za a ƙirga kuɗin a wurin kafin jama'a su watse, gaban wakilin mai unguwa da mutum biyu daga ƙungiyar, a faɗi adadin a lasifika. In kana so ka zama na huɗu, ƙofa a buɗe take.

Malam AbuHafsa, na gode da yadda ka yi maganar cikin mutunci. Ba za mu ɓoye ba, akwai waƙoƙin yabo a ciki, don Kirsimeti ne. Iyayenmu na zumuntar mata za su fito da tulunansu da kacau-kacau kamar yadda suka saba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba mu ji haushi ba ko kaɗan.

Kabukabu_Mokoyo:
To mi ya haɗa Kirsimeti da lambar tarho? Tambaya ce, ba neman faɗa ba.

MaiGangarZumunta:
Ba laifi ɗan'uwa. A wurinmu labarin haihuwar Yesu ba labarin murna kaɗai ba ne. A cikinsa akwai sarki Hirudus da ya ba da umarnin a kashe jarirai maza na Baitalami, ƴan shekara biyu zuwa ƙasa, har iyayen Yesu suka gudu da shi Masar cikin dare. Ƴan Katolika ma suna da rana ta musamman, 28 ga Disamba, don tunawa da waɗannan yaran. Da muka zauna muna neman inda za mu kai gudummawar bana, wata dattijuwa ta ce, kuna ta rera labarin yaron da aka gudu da shi, ga yara nan a tasha da ba su da mai gudu da su. Daga nan shawarar ta fito.

KunnenDare:
Ni ina cikin masu ɗaukar kiran, kwana biyu a mako. Bari in amsa wa Hajiya tambayarta ta biyu, don ita ce tambayar da ni ma na yi ranar da na fara.

Gaskiyarki, yawancin yara ba su da salula. Shi ya sa mafi yawan kiran da ke shigowa ba daga bakin yaron suke fara zuwa ba. Maƙwabciya ce da ta gaji da jin kuka ta bayan katanga. Mai shayi ne a bakin tasha da ya ga yaro ya kwana uku a ƙarƙashin teburinsa. Mai cajin salula ne, ɗan kabu-kabu ne, wani lokaci kishiyar uwa ce da kanta wadda abin ya fi ƙarfinta. Yaran da ke kira da kansu kuwa, aron wayar suke yi, ko su ɗauki ta uwarsu in ta shiga wanka.

Kuma in gyara wani abu. Layinmu ba gajeriyar lamba ba ce irin ta ƴan sanda 17 ko ta ƴan kwana-kwana 18. Lamba ce irin ta kowa. Mutum zai yi bip, mu mu kira shi. Kyauta ce gare shi, amma kiredin daga aljihunmu yake fita.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yawan kiran shiru. Ka kira, a ɗauka, ba a cewa komai, sai numfashi da kukan awaki daga nesa. Da farko nakan ji haushi, ina cewa yara ne ke mana wasa. Wadda ta koya mini aikin ta ce kar in kuskura in kashe, in yi sallama, in ce ina nan, ba sauri nake ba. Akwai lambar da ta yi mana haka sau shida cikin mako biyu. A na bakwai wata ƙaramar murya ta ce, "In na faɗa za ku gaya ma Baba?" Ba zan faɗi sauran ba don amana ce. Amma tun ranar ban ƙara kashe kiran shiru ba.

Ƴar_SabonGari:
Innalillahi. Jikina ya yi sanyi wallahi. Allah ya saka muku.

Dattijon_Maradawa:
Ku yi haƙuri da tsoho, amma wagga magana ta ƙarshe ita ce tsorona. Yaro ya ɗauki waya ya kai ƙarar ubansa wurin baƙon da bai taɓa gani ba? Mu da munka tashi, in uba ya wuce gona da iri akwai kawu, akwai gwaggo, akwai liman, akwai mai unguwa, in abin ya ƙi a tafi fadar sarki. Ɗa na kowa ne, haka anka koya muna. Yanzu za a koya ma yaro in an tsawata mashi ya nemi lamba. Gobe ka ce ma ɗanka tashi ka yi salla, ya ce zai kira. Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi. Abin Turawa ne wanga, kuma mun ga inda ya kai ɗiyansu.

Mushe_Tibiri:
Baba, Allah ya ƙara girma. Duk matakan da ka lissafa gaskiya ne, kuma har gobe su ne farkon inda nake zuwa. Amma ka ba ni dama in faɗi abin da na gani a aji.

Shekara goma sha huɗu ina koyarwa a ƙauyukan yankin nan. Akwai yarinyar da ba zan manta ba, ƴar aji shida, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Allonta kullum a goge fes, alli ɗan guntu take ƙullewa a bakin zanenta. Bayan an gama girbi sai bencinta ya zama wayam. Na je gidan, uban ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, ya ce an riga an karɓi kuɗi. Na je wurin kawun, ashe shi ya kawo manemin. Na je wurin mai gari, ya ce Mushe, maganar cikin gida ce. To Baba, in kawu da gwaggo da mai gari duk bakinsu ɗaya, ita yarinyar wa za ta gaya wa? Bayan shekara biyu na gan ta a layin masu jinyar yoyon fitsari. Ta gane ni, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. A jiharmu ta Maraɗi adadin ya kai 89, mu ne kan gaba a ƙasa a lokacin. Ba ina zagin aure ba ne, ni ma ina da ɗiya mata uku kuma ina fatan in aurar da su. Ina cewa ne dai akwai ranar da duk ƙofofin gida ke rufewa lokaci guda.

Ɗalibar_Shari'a:
Ƙari kan maganar Mushe. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu, don a riƙe ta a lakwal. Amma kundin dokar farar hula har ila yau shekara 15 ya sa wa mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aurenmu ma ba ta nan yake bi ba, ta al'ada da addini ake ɗaura shi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Akwai alƙalin yara a kotu, akwai sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a. Matsalar ita ce mutumin ƙauye bai san ƙofar ko ɗaya ba. In layin nan bai yi komai ba sai nuna wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya yi aiki.

KunnenDare:
Baba Dattijo, ka kwantar da hankalinka ta wannan fannin. Wallahi ba mu taɓa kai uba kwamisariya don ya tsawata wa ɗansa ba. Yaro ya kira ya ce an hana shi zuwa kallon ƙwallo, mu ma haƙuri muke ba shi mu ce ya bi maganar iyayensa. Kuma cikin kowace matsala, mai unguwa da liman su ne farkon waɗanda muke nema, don in ba su shiga ba abin ba ya ɗorewa. Inda muke wucewa gaba shi ne ƙuna da wuta, ɗauri da sarƙa, fyaɗe, yaron da ya ɓace. Waɗannan na san kai ma ba za ka kira su tarbiyya ba.

Dattijon_Maradawa:
A'a ɗiyata, wanga zalunci ne, ba ni tare da shi. Amma ku riƙa tuna cewa bayan kun tafi, cikin gidan nan dai yaron zai kwana. Ku bi a hankali.

Bamaraɗe_aIngila:
Ina gaida mutanen gida. Tun da Baba ya ce abin Turawa ne, bari in faɗi abin da na sani. A nan Ingila wata mai gabatar da shiri a talabijin ta BBC, Esther Rantzen, ta kafa layin kiran yara mai suna Childline a 1986, lambarsu 0800 1111, kuma a 2006 ta haɗe da ƙungiyar NSPCC mai kare yara daga zalunci. Taron waƙoƙin Kirsimeti don tara musu kuɗi abu ne da aka saba da shi a nan kowace shekara. Amma wanda ya fi kama da halinmu na Indiya ne. Wata mata, Jeroo Billimoria, ta fara shi a birnin Mumbai a 1996 saboda yaran da ke kwana a titi da tashoshin jirgin ƙasa, yaran da su ma ba su da waya. Lambar 1098 ce, mai sauƙin haddacewa, goma, tara, takwas. Kuma yaran titin ne da kansu suka riƙa yaɗa ta tsakaninsu. Ita ce kuma ta jagoranci kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar irin waɗannan layuka ta duniya a 2003, mai mazauni a Amsterdam. Don haka talauci bai hana ba.

Ta ina zan aiko da tawa gudummawar? Nita ko Amana?

Injiniya_Zariya2:
A Afirka ma ƙasashe da dama sun ware lamba 116 don yara, kamar Kenya, Yuganda, Afirka ta Kudu da maƙwabciyarmu Burkina Faso. Shawarata ga ƙungiyar: tsarin bip yana da rauni biyu. Lamba mai alƙaluma takwas yaro ɗan shekara tara ba zai riƙe ta cikin firgici ba. Sannan in kun kira daga baya, wataƙila wayar ta koma hannun wanda ake tsoro. Gajeriyar lamba hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ke bayarwa, sannan sai an zauna da Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom don kiran ya shiga kyauta daga kowane layi. Aiki ne na takardu da naci, amma in kuna so zan taya ku rubuta buƙatar.

KunnenDare:
Injiniya, rauni na biyun nan ya taɓa faruwa da mu, kuma har yau yana ci mini rai. Yanzu in mun kira muka ji muryar babba, ba mu faɗin ko mu su wane ne sai mun gane da wa muke magana. Zan ba shugabarmu saƙonka.

TsohonAlmajiri:
Duk na karanta. Ni na yi shekara bakwai a tsangaya, an kawo ni daga wajen Mayahi ina ɗan shekara shida. Irin wannan lokacin na hunturu shi ne mafi wuya. Ƙafa ta tsage har jini, mu tara kara da leda mu hura wuta, wanda barci ya kwashe kusa da ita ya tashi da ƙuna. Har yanzu akwai tabo a gwiwata ta hagu. Malaminmu mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, shi ma ba shi da abin ba mu. Amma akwai gardin da ke azabtar da ƙanana in malam ya yi tafiya, kuma babu wanda ya isa ya buɗe baki.

Da a ce akwai lamba a lokacin, ban san ko zan kira ba. Abin da na sani, akwai wata mai tuwo a bakin kasuwa da ke ajiye mini ƙanzo, ita kaɗai ta taɓa tambayata mi ya samu bayana. Da ita tana da lambar, da ta kira. Don haka ku kai lambar wurin masu tuwo da masu waina, ba a takarda mai Faransanci ba. Ku faɗa musu da baki.

Sadauki_227:
Ku dai ku faɗi gaskiya, wannan duk hanya ce ta jawo yaran Musulmi. Yau waƙa, gobe lamba, jibi a canza musu addini.

Ɗiyar_Danja:
Ɗan'uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, haifaffiyar nan, kakannina Gobirawa. Asibitin kutare na Danja ƴan mishan suka kafa shi tun kafin ƙasar nan ta samu ƴancin kai a 1960, kuma tun 2012 akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari a wurin. Ka je ka ga masu jinya, kusan dukkansu Musulmi ne, da carbinsu suke zuwa, da shi suke komawa. Haka asibitin Galmi. Ban ce ka yarda da ni ba, gani ya kori ji.

KunnenDare:
Kuma ni mai ɗaukar kiran Musulma ce, da hijabina nake zaune a wurin. Cikin mu bakwai, biyar Musulmi ne. Ƙungiyar ba ta majami'a ba ce, gudummawa kawai suka ce za su kawo mana.

Shugaban_Zaure:
Sadauki, an ji ra'ayinka kuma an ba ka amsa. Zargi ba tare da hujja ba ba ma ɗaukarsa a nan. A ci gaba cikin ladabi don Allah.

MamanBiyu_Burja:
Ni tsaro nake tunani. Ba mu manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ga kuma wadda aka ƙona a unguwar Zariya ta nan Maraɗi a watan Yunin 2019. Taro da dare, mata da yara, ga duhu. An sanar da hukuma?

MaiGangarZumunta:
Inna, mun kai takarda ma'aikatar magajin gari da kwamisariya, mun kuma je gaida mai unguwa. Saboda irin wannan tunanin ne muka fasa yin sa da dare. Za a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba, don wanda zai yi salla ya samu jam'i. Abin da ya faru a 2019 muna tunawa, amma muna kuma tuna cewa malamai da dattawan gari sun fito sun yi tir da shi. Garin nan namu ne mu duka.

Malam_naSoro:
Allah ya gafarta Malam AbuHafsa, ina tare da kai a kan zaman wurin waƙar, kowa ya tsare aƙidarsa. Sai dai ina son in juyo da maganar kanmu. Kafin aiko Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a Makka, inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, kuma bayan Musulunci ya yabi wannan alkawari. To mu da muka fi yawa nesa ba kusa ba a garin nan, masallatan Juma'a nawa gare mu? Da kowane ɗaya zai ware tarin Juma'a guda a shekara don irin wannan aiki, da ba a jira jikka 300 ta ƴan waƙa ba. Matasan nan sun ga ɓaraka sun kawo allurarsu. Mu ina tamu?

AbuHafsa_Limanci:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Malam, kuma na karɓa. Zan yi wa limaminmu maganar. Amma sai na ga takardun ƙungiyar da idona tukuna.

Ɗan_Bagalam:
Na ji bayanin ƙirga kuɗi a bainar jama'a, ya yi. Saura tambaya ɗaya ga KunnenDare. In an ba ku kuɗin, mi za ku yi da su takamaimai? Kiredi kawai?

KunnenDare:
Kiredi shi ne ƙarami. Abin da ke cin kuɗi shi ne bayan an ajiye waya. Misali, watan jiya mai shayi ya kira kan wani yaro ɗan wajen shekara goma da ya sauka a tasha shi kaɗai, daga cikin iyalan da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara zuwa wajen Gidan Runji. Sai an zuba mai a babur an je an ɗauko shi. Sai ya ci abinci. Yana tari, sai an kai shi likita an sayi magani. Sai an samu gidan da zai kwana biyu, an ba matar gidan ko tiyar hatsi ce. Sannan kuɗin mota na mutum biyu zuwa, mutum ɗaya dawowa. Kafin a miƙa shi hannun gwaggonsa an kashe sama da jikka 20, kuma rabin daga aljihunmu. In babu wannan, ɗaukar kiran ma zalunci ne, don ka sa yaro ya buɗe cikinsa sannan ka ce masa ba ka da man zuwa.

Abin da ya fi damunmu kuma shi ne dare. Daga ƙarfe goma muke kashe wayar, don babu mai iya kwana a kai kullum ba tare da ko sisi ba. Da safe mukan tarar da bip na ƙarfe ɗaya, na ƙarfe biyu. Wasu in mun kira ba sa ƙara shiga.

Kabukabu_Mokoyo:
Mu a fadarmu muna zaune shan shayi har ƙarfe biyu kullum, kuma babura biyar ne a wurin. Sauraron yaro ba mu iya ba, wannan sai ku. Amma in ɗauko wani ne cikin dare a cikin gari, ku riƙe lambata. Man kawai za ku zuba, wani lokacin ma a bar shi.

Mushe_Tibiri:
Allah ya yi albarka ƙanena. Sai dai a yi hattara, duk wanda zai ɗauki yaro cikin dare ya zama ƙungiya ta san shi, mai unguwa ya san shi, kuma kar ya tafi shi kaɗai, musamman in yarinya ce. Ba don ana zarginka ba, don kare ka ne kai ma.

Ƴar_SabonGari:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci maganar za ta yi nisa haka ba. Na nuna wa maigida duk abin da kuka rubuta. Shi ra'ayinsa irin na Malam AbuHafsa ne, ya ba da jikka biyar ya ce in kai mata. Ni kuma har yanzu zuciyata na rawa, don na san in ta hango ni a wurin za ta ji daɗin da kuɗi ba za su ba ta ba. Wataƙila in raka ta har ƙofa in taya su jera kujeru in dawo. Ban yanke ba tukuna.

Yau da safe da mai ƙosai ta zo na tsaya na dube ta da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Akwai shatar bulala a damtsenta, sabuwa. Na tambaye ta, ta ce faɗuwa ta yi, ta karɓi kuɗinta ta fita da sauri ko canji ba ta tsaya ƙirgawa ba.

KunnenDare, don Allah duba akwatinki, na turo miki saƙo.

KunnenDare:
Na gani Hajiya. Kar ki je gidansu tukuna, kuma kar ki matsa mata da tambaya gobe. Ki sayi ƙosan kamar kullum, ki ba ta wuri ta zauna in ta yarda. Zan kira ki bayan Azahar.

Ɗan_Bagalam:
MaiGanga, ranar Asabar ɗin ƙarfe nawa za a fara ƙirgar? Zan rufe shago da wuri. Kuma a tanadi littafi da biro, a rubuta komai, har wanda Bamaraɗe zai aiko daga Ingila.